Gahawar Biyetnam da ƙwallayen rogo: yadda nake haɗa ta a gida a Jonke

Duk wanda ya taɓa kwana a Jonke, ko canjin kuɗi ya kawo shi ko jiran mota, ya san rumfunan nan da mutanen Kwatano ke kira kafeteriya Diallo, saboda yawancin masu su Fulanin Gini ne. Dogon kanta ne da kujeru a jere, da gwangwanayen madara an tara su har sama, da butar ruwan zafi da ba ta sauka daga wuta. Kana cewa a ba ka kafe, mai rumfa zai tsiyaya madara mai kauri har ta rufe gindin kofi, ya ɗebo garin Nescafé a bakin cokali, ya kwara ruwan zafi, ya turo maka da guntun burodi. 'Yan zemijan, wato masu kabu-kabu, masu riguna ruwan ɗorawa, da 'yan canji, da fataken da suka sauka cikin dare, da wannan suke karya kumallo in an fito sallar asuba a masallacin Zango.

Mutanen Biyetnam, can kudu maso gabashin Asiya, su ma madarar gwangwani mai zaƙi suke sa wa gahawarsu, kuma su ma Faransa ce ta mulke su kamar yadda ta mulki Dahomey, wato ƙasar Benin ta yau. Inda muka rabu da su shi ne, tasu gahawar niƙaƙƙiya ce da ake tacewa ɗigo-ɗigo har ta yi ƙarfi sosai, sannan a juye ta a kan ƙanƙara. Yanzu kuma an zo ana ƙara mata wasu 'yan ƙwallaye masu danƙo da yara ke kira boba, waɗanda ba komai ba ne illa sitacin rogo. To rogo a ƙasar Benin ai gida ya zo. Abin shan nan da yaranmu ke gani a waya suna ɗauka na masu hali ne, kayan haɗinsa kaf suna nan tsakanin Jonke da kasuwar Tokpa, kuma matar da ta iya tuƙa tuwo za ta iya yin sa.

'Yar ƙanena da ke karatu a jami'ar Abomey-Calavi ce ta fara kawo min maganar. Ta zo hutu da hoto a waya, ta ce, "Gwaggo, ke da kike dama kunun tapiyoka, wannan ba zai gagare ki ba. Kuɗin tambulan ɗaya a manyan shaguna ya isa cefanen miya." Na ce, "To 'yar nan, karanto min abin da ake sawa in ji." Da ta gama lissafi, babu ko abu ɗaya da sai an hau jirgi kafin a samo shi.

Gahawa ba tsiron Biyetnam ba ce. 'Yan mishan na Faransa ne suka shigar da ita ƙasar a 1857, kuma ta daɗe tana abin gonakin Turawa. A lokacin nonon shanu yana da wuyar samu a can, ga zafi yana lalata shi, sai aka koma ga madarar gwangwani, wadda wani Ba'amurke mai suna Gail Borden ya yi wa rajistar ƙirƙira a 1856. Sukarin da ke cikinta ne ke hana ta lalacewa, shi ya sa ta dace da ƙasashen zafi da babu firij, tun daga Saigon ta Biyetnam har Kwatano. Noman gahawar kuwa bai bunƙasa ba sai bayan 1986, lokacin da gwamnatin ƙasar ta sassauta wa manoma da 'yan kasuwa. Ƙananan manoma suka cika tsaunukan tsakiyar ƙasar da shuka, musamman yankin Dak Lak da birnin Buon Ma Thuot, kafin a shiga shekarun 2000 Biyetnam ta zama ta biyu a duniya bayan Burazil, kuma har yau tana nan a matsayin.

Sama da kashi 90 cikin 100 na abin da suke nomawa irin da ake kira robusta ne, kuma nan ne maganar ta shafe mu. Robusta 'yar Afirka ce, asalinta dazuzzukan tsakiya da yammacin nahiyar nan. Ita ake nomawa a Kwaddibuwa, ita ake nomawa a tsaunukan Kpalimé na Togo, da ba su fi tafiyar wuni daga tashar Jonke ba. Ta fi ɗaya irin gahawar, wato arabika, ɗaci da nauyi a baki, kuma sinadarin kafin da ke hana barci ya kusa ninka na arabika sau biyu. Masu ƙwalisar gahawa a Turai sun daɗe suna raina ta, amma a wannan haɗin ita ce daidai. Madara mai zaƙi da ƙanƙara suna danne gahawa mai sanyin hali har ka rasa ɗanɗanonta, robusta kuwa tana fitowa ta cikinsu. Don haka wanda zai saya ya nemi niƙaƙƙiyar robusta ta Togo ko ta Kwaddibuwa wadda aka soya ta yi duhu, kada ya wahalar da aljihunsa a kan arabikar da aka shigo da ita daga Turai.

Su ƙwallayen daga wata ƙasar suka fito. A Taiwan aka fara jefa su cikin shayi mai madara a shekarun 1980, kuma shaguna biyu, Chun Shui Tang na birnin Taichung da Hanlin na birnin Tainan, sun yi shekaru a kotu kowa na cewa shi ya ƙirƙiro, har a 2019 aka yanke cewa ba mallakin kowa ba ne. A Biyetnam dattijon da ke zaune a ƙaramar kujera bakin titi gahawarsa da madara da ƙanƙara kawai yake sha. Haɗa ta da ƙwallaye aikin matasa ne na baya-bayan nan. Ni dai na ga dacewar haɗin, don ɗacin gahawa yana son abin taunawa mai ɗan zaƙi a kusa da shi.

Rogon kansa daga Kudancin Amurka Turawan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16. Sarrafa shi ya zama gari da tapiyoka kuwa, masana tarihi suna danganta yaɗuwarsa a wannan gaɓar da Aguda, wato bayin da aka 'yanta a Burazil suka dawo Wida da Porto-Novo da Agoué da Legas a ƙarni na 19. Dawowar ta ƙaru bayan boren da Musulmi suka yi a birnin Salvador na jihar Bahia a 1835, kuma cikin Musulmin Bahia na wancan zamani akwai Hausawa. Nakan tuna da wannan duk lokacin da na tsaya gaban masu tapiyoka a Tokpa. Yau Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, amma Tailan ce ke kan gaba wajen fitar da sitacinsa zuwa kasuwannin waje, ƙwallayen da aka sarrafa a Asiya kuma su dawo mana cikin leda da tsada. Abin yana ci min rai, shi ya sa na fi son in murza nawa.

Aikin yana farawa daga sayen sitaci, kuma a nan ake yawan yin kuskure. Ba alabo ake nema ba, ba garin kwaki ba, ba kuma sitacin masara ba, don babu wanda zai ba da danƙon nan a cikinsu. Farin sitacin rogo ake so, mai laushi, wanda in ka murza shi tsakanin yatsu yake ƙara. A gaya wa mai sayarwa na ci ne, domin wanda ake sayar wa masu wanki da guga ba lallai an shanya shi a wuri mai tsabta ba. A shinshina, in yana tsami a bar shi. Mai lokaci zai iya fitar da nasa: a fere rogo, a wanke, a goge shi, a dama da ruwa, a tace da kyalle, a bar ruwan ya kwanta na wasu sa'o'i, a tsiyaye na sama, a sake wanke farin da ya kwanta a ƙasa, sannan a shanya a tire. Wankin nan da shanyar da kuma dafuwa su ke raba shi da gubar da ke cikin rogo mai ɗaci, don haka ba wurin gaggawa ba ne.

Sai sukari. Masu yi a Taiwan jan sukari suke sawa, mu kuwa muna da wanda ya fi shi, mazarƙwaila. Duk mai zuwa daga wajen Zariya ko Maƙarfi nakan roƙe shi ya riƙo min, don ƙanshin raken da ke cikinta farin sukari ba shi da shi. In babu, a ƙona farin sukari kaɗan a tukunya har ya yi ja, a zuba masa ruwa a hankali, a yi hattara da tururin.

Ga awon da ke isar tambulan uku zuwa huɗu: sitaci giram 100, wato kamar cokalin cin abinci 12 a shafe; ruwa cokali 4; dakakkiyar mazarƙwaila cokali 3. A tankaɗe sitacin. A ɗora ruwan da mazarƙwailar a ƙaramar tukunya kan wuta kaɗan har ta narke ruwan ya tafasa. A sauke, a zuba sitaci cokali 2 kawai, a juya da sauri, a mayar kan wuta ana juyawa har ya yi kauri, ya yi sheƙi, ya fara kama cokali. Wannan shi ne talgen, kamar dai na tuwo, kuma duk sirrin aikin yana nan. Sitacin rogo ba ya kama jikinsa sai zafi ya ratsa shi, daga wajen digiri 60 zuwa 70. In aka kwaɓa shi da ruwan sanyi ko mai ɗumi-ɗumi, za a ga abin mamaki: ka matsa shi ya yi tauri, ka sake shi ya narke ya bi yatsu, kuma ko an kwana ana ƙara gari ba zai cure ba. Talgen nan ne ke riƙe sauran garin.

Da talge ya yi, a sauke a juye ragowar sitacin a ciki, a tuƙa, a kwashe a tire tun da zafinsa. Da hannu ya iya taɓawa a fara murzawa. Da farko zai yi ta wargajewa kamar ba zai haɗu ba, a ci gaba. Cikin 'yan mintuna zai zama curi ɗaya mai santsi, launin ƙasa-ƙasa. In yana tsagewa a jiƙa tafin hannu kawai, kada a zuba ruwa kai tsaye. In yana manne wa hannu a barbaɗa sitaci. A raba shi huɗu, a rufe ukun da leda ko jiƙaƙƙen kyalle, don iska na busar da shi nan da nan, balle lokacin hunturu. A mirgina ɗayan ya yi tsawo siriri, kaurin fensir, a yayyanka ƙanana da wuƙa, a mulmula kowane a tafin hannu. Kada ya kai girman ƙwayar gyaɗa, domin zai kumbura a wuta, kuma babba yana dahuwa a waje ya bar gari a tsakiya.

Mulmular nan ita ce mai cin lokaci, gaskiya. A gidanmu bayan la'asar muke yi, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a sa tire a tsakiya, yara su wanke hannu su kewaye shi. Na ƙaramarsu kan fito dogaye, na babbar su fito dai-dai wa daida, duk a haɗa a faranti ɗaya a barbaɗe da sitaci don kada su manne, a girgiza a rariya garin ya zube. Innarmu, da ta haura tamanin, takan zauna gefe tana kallo. Ranar farko ta ɗauki guda ta duba ta ce, "Wannan ai fura ce ta 'yan tsana." Da aka dafa ta tauna, sai ta ce a ƙara mata, amma ban da gahawar.

Wajen dafuwa a cika tukunya da ruwa, aƙalla ninki shida na yawan ƙwallayen, a bari ya tafasa sosai kafin a zuba. Wanda ya zuba a ruwan da bai tafasa ba kunu zai kwashe. Ana zubawa a juya don kada su kama gindin tukunya. Za su taso sama cikin minti biyu ko uku. Daga nan a rage wuta a ba su minti 15 zuwa 20, ana juyawa jefi-jefi, sannan a kashe wuta a rufe tukunyar na wasu minti 15. A ciro guda a ciza. In tsakiyar ta yi fari tana gari-gari, da saura. In ta yi danƙo har ciki, a tsame, a ɗauraye da ruwan sanyi sau ɗaya, a juye cikin ruwan mazarƙwaila mai kauri da aka dafa daban, a bar su su sha. Ba za su yi baƙi ƙirin kamar na shago ba, don waɗancan ana ƙara musu launi. Namu ja ne mai duhu, yana sheƙi, kuma ya fi ƙanshi.

Abu guda da ba a yi musu shi ne kwana a firij. Sanyi yana mayar da dafaffen sitaci ya yi tauri, washegari sai ka ji kamar roba a waje, gari a ciki. A dafa iya wanda za a sha cikin sa'o'i uku ko huɗu. Ɗanyun da aka mulmula kuwa ana iya ƙulle su a leda a sa a firiza, ranar da ake so a zuba su a tafasasshen ruwa kai tsaye ba tare da an jira sun saki ba.

Ita gahawar, 'yan Biyetnam da wani ɗan ƙaramin mataci na ƙarfe suke yin ta, sunansa fin. Ɗan kofi ne mai ƙananan huji a gindi, da faifan dannawa a ciki, da murfi, ana ɗora shi a bakin tambulan. A zuba madara mai kauri cokali 2 a tambulan, a sa garin gahawa giram 20, kamar cokali 3, a cikin matacin, a danna kaɗan. A tafasa ruwa a bar shi ya huce na rabin minti, a ɗiga kaɗan ya jiƙa garin, a jira rabin minti ya kumbura, sannan a cika da ruwan da bai wuce mililita 100 zuwa 120 ba, a rufe. Ɗigowar takan ɗauki minti huɗu zuwa biyar. In ta zube cikin minti ɗaya niƙan ya yi tsakuwa-tsakuwa da yawa. In ta tsaya cak ya yi laushi da yawa ko an danne shi fiye da kima.

Rashin fin ba ya hana komai. Butar gahawar nan ta Italiya mai hawa biyu da ake ɗorawa a kan wuta tana ba da mai ƙarfi daidai yadda ake so. In ita ma babu, a jiƙa garin a ruwan zafi kaɗan minti huɗu, a tace da farin kyalle mai tsabta. Nescafé ma tana fitar da mutum kunya in baƙi sun zo ba shiri: ƙaramin cokali 2 a ruwan zafi rabin kofin shayi. Sai dai ba ta da nauyin niƙaƙƙiya, wanda ya sha biyun zai gane. Ƙa'idar dai ɗaya ce, a yi ta da ƙarfin da ba za a iya shan ta haka nan ba, domin ƙanƙara za ta narke ta tsinka ta.

A juya gahawar da madarar tun da zafi har su haɗe, don madara mai kauri ba ta narkewa a kan ƙanƙara, gindi take komawa ta kwanta. A wani dogon tambulan a zuba ƙwallaye cokali 2 ko 3 da ɗan ruwan mazarƙwailarsu, a cika da fasasshiyar ƙanƙara, a juye gahawar a kai. In babu bututun zuƙa mai faɗi, dogon cokali ya wadatar. Ƙanƙarar kuwa a san ruwan da aka yi ta da shi. Wadda ake ƙullawa a leda a unguwa tana da kyau in ka san gidan; in ba ka sani ba, ka daskarar da ruwan da ka yarda da shi, don daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa.

Wanda ɗaci ya yi masa yawa ya rage gahawar ya ƙara madarar ruwa. A Saigon ma akwai irin wannan haɗin mai yawan madara. Ni kuma wani lokaci nakan daka kimba guda ɗaya in haɗa da garin kafin in tace, dabarar da na gani wurin 'yan Senegal masu kafe Touba. 'Yan Biyetnam ba sa yin haka, amma da mazarƙwaila tana tafiya ƙwarai.

Akwai kuma gajeriyar hanya, wato tapiyokarmu ta Tokpa, wadda ake yi da jiƙaƙƙen sitaci a marmasa shi a gasa a faffaɗan kasko har ya zama tsaki-tsaki. A zaɓi mai manyan ƙwayoyi, a jiƙa ta ta yi laushi, a dafa a ruwa mai yawa har farin ya ɓace, a tsame a ɗauraye sosai don yauƙin ya fita, a sa a ruwan mazarƙwaila. Ba ta da danƙon mulmulalliya, ta fi laushi, kuma siffarta ba ɗaya ba ce, amma tana wucewa ta kowane bututu, kuma tsofaffi sun fi son ta. In don baƙi ne ko don sayarwa, mulmulalliyar ce gaba. In don kai ne da rana tsaka cikin zafin Maris, ta Tokpa ta isa.

Sai a yi hattara da abu uku, kuma da gaske nake. Na farko, fiye da rabin nauyin madarar gwangwani mai zaƙi sukari ne, ga mazarƙwaila, ga sitaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da jiki ke samu daga abinci a rana, wato wajen giram 50 ga babban mutum, kuma tambulan ɗaya na wannan haɗin zai iya cinye fiye da rabin wannan. Mai ciwon sukari ya tambayi likitansa tukuna. Na biyu, robusta tana da ƙarfi. Mai juna biyu da mai hawan jini su rage, wanda kuma ya sha bayan buɗa-baki da azumi ya san barcinsa kafin sahur zai ragu. Na uku, ƙwallayen suna da santsi kuma suna iya shaƙe ƙaramin yaro. Kada a ba 'yan ƙasa da shekara biyar, manyan yara kuma a zuba musu a madara ba gahawa, su ci da cokali suna zaune.

Ga 'yan'uwana matan Zango masu ƙulla zoɓo da lemun citta suna aikawa tasha, wannan ma sana'a ce da jarinta bai fi ƙarfinku ba. Ku mulmula da yamma ku sa a firiza, ku dafa da hantsi iya na ranar, ku riƙe gahawar daban da ƙanƙarar daban, kada ku haɗa sai mai saye ya tsaya a gabanku.